Kufan da Shuka Ta Tona wa Asiri

A gonar kakana, a wani ƙauye da ke kudu da Tasawa, akwai wani gefe da hatsi ba ya taɓa ƙin yi. Ko shekarar da ruwa ya ɗauke a tsakiyar damana, sauran gonar ta yi jawur tana neman ƙonewa, wannan gefen sai ka same shi kore shar, karansa ya fi na kusa da shi tsawo da kauri. Tsoho ba ya mamakin abin. Kufai ne, in ji shi, mutane sun taɓa zama a wurin, tokar murhunsu da kashin bisashensu ne hatsin yake ci har yanzu. Su wane ne mutanen, bai sani ba, shi ma haka ya tarar. Mu yara muna tsintar tsingaro a wurin lokacin noma, mu yi wasa da shi, mu jefar.

Na yi shekaru ban tuna da wannan gefen gona ba, sai bara, da wani yaro a ajina ya yi mini tambayar da ta tsaya mini a rai. Muna darasin tarihi, littafin a buɗe a shafin da ke da hoton dalar Masar da na wani ginin Rumawa. Ya ɗaga hannu ya ce, "Mushe, in da kakanninmu sun yi wani abin kirki, ai da mun ga abin da suka gina, kamar waɗannan." Ba rashin kunya yake yi ba, abin da littafin ya nuna masa ne ya faɗa. Na ambaci masallacin Agadas da ganuwar birnin Damagaram, na ci gaba da darasi, amma na san amsar ba ta isa ba. Kakannin yawancin yaran ajin ba a birni suka zauna ba. Manoma ne da makiyaya, ɗakunansu na kara ne da laka, irin waɗanda damana biyar take shafewa in babu mai gyara. In gini mai tsayuwa ne kaɗai shaidar tarihi, to yaron yana da gaskiya, kakanninsa ba su cikin lissafi.

Amsar da na samu daga baya, daga Ingila ta zo, inda ban yi zato ba.

Kimanin kilomita 2 kudu da birnin Salisbury, a kudancin Ingila, akwai wani tudu da ake nomawa, sunansa Little Woodbury, wato Woodbury Ƙarama, don akwai babbarta nan kusa. In ka tsaya a kansa ba abin da za ka gani sai gona. Babu bango, babu tarin ƙasa, babu dutse a kan dutse. Garma ta baje kome tun ƙarnoni da suka wuce. Amma a 1929 wani masani mai suna O. G. S. Crawford ya buga hotunan wurin a mujallarsa ta Antiquity, hotunan da sojojin saman Ingila suka ɗauka daga jirgi. A cikin shukar gonar ga wani baƙin layi ya kewayo kamar an zana shi da gawayi, ya bar ƙofa ta gabas, daga bakin ƙofar wasu layuka biyu sun miƙa waje kamar ƙahoni. A cikin kewayen kuma ɗigo ne baƙaƙe birjik, ɗaruruwa. Gidan mutane ne da suka rayu kafin Rumawa su taka ƙasar, fiye da shekara 2000 da suka wuce, kuma babu wani littafi da ya taɓa ambatar su.

Yadda shuka take yin wannan zane ba sihiri ba ne, duk manomi zai gane shi nan take. Ƙasar wannan yanki ba ta da zurfi. In ka tona kaɗan sai ka iske farin dutse mai laushi, dangin allin da muke rubutu da shi a allon aji. Mutanen da suka haƙa gwalalo suka kewaye gidansu, cikin wannan farin dutse suka haƙa shi. Da suka tashi, sannu a hankali ƙasa mai laushi da shara da ruɓaɓɓen ganye suka cike ramin har ya yi daidai da sauran fili. A ido ya ɓace, amma saiwa ta san yana nan. Shukar da ta faɗa bisa tsohon ramin tana samun ƙasa mai zurfi mai riƙe laima, sai ta fi tsawo, ta fi duhun kore, ta kuma yi jinkirin nuna. Wadda ta faɗa bisa tushen bango ko tsohuwar hanyar dutse kuwa, saiwarta ba ta da wurin shiga, sai ta tsumbure ta riga saura bushewa. Shekarar da ruwa ya wadata bambancin ba ya fita sosai, kowace shuka ta ƙoshi. Shekarar fari ce take tona asiri. Kuma mai tsaye a cikin gona ba ya ganin siffar, kamar tururuwar da ke tafiya bisa tabarma ba ta san zanen tabarmar ba. Sai an hau sama.

Ba jirgin sama ne ya fara lura da abin ba. Tun ƙarshen ƙarni na 16 wani marubucin tarihin Ingila, William Camden, ya ba da labarin cewa a kufan garin Rumawa na Richborough ana ganin layukan tituna a cikin shuka, inda ta yi ƙaranci, kuma mutanen ƙauyen sun ba wa mararrabar layukan suna, suna jingina ta ga wani waliyyinsu. Wato manoma sun riga malamai sani, kamar kakana. Abin da jirgi ya ƙara shi ne ya nuna siffar gaba ɗaya a hoto guda, wanda za a iya aunawa a sa a taswira.

Crawford kansa a wurin yaƙi ya koyi karanta hoton sama. A yaƙin duniya na farko aikinsa shi ne shiga jirgi yana duba ramukan sojojin Jamus, har aka kama shi a 1918 aka tsare. Bayan yaƙi, a 1920, hukumar zana taswirar Birtaniya ta ɗauke shi a matsayin jami'inta na farko mai kula da wuraren tarihi. A 1924 shi da wani attajiri, Alexander Keiller, suka yi hayar jirgi suka yi ta shawagi bisa kudancin Ingila suna ɗaukar hoto, littafin da ya fito daga wannan aiki aka buga shi a 1928. Wani abin da ya ba ni sha'awa, kafin duk wannan, a ƙasar Sudan ya yi aikin tono, a Abu Geili kusa da Sennar, yankin da ƴan'uwanmu na Mai Wurno suke zaune a bakin kogi har yau.

Hoto dai ya nuna akwai gida. Bai faɗi yadda mutanen suka rayu ba. A lokacin kuwa masanan Ingila suna da wata fahimta da yau take ba mutum dariya. A wurare da dama sun sha tono ramuka masu zurfi a cikin farin dutsen nan, wasu sun kai mita 2, bakinsu matsattse, cikinsu da faɗi kamar tulu. A ciki suna samun toka da ƙasusuwan dabbobi da fasassun tukwane. Sai suka yanke hukunci cewa a cikin ramukan nan kakanninsu suke kwana. Aka rubuta haka a littattafai, aka zana hoton mutum tsugune a gindin rami yana hura wuta, an rufa masa ƴar jinka a bisa. Yaran makaranta suka haddace. Ba wanda ya tsaya ya tambayi kansa ko shi zai iya hura wuta a gindin rami mai matsattsen baki ya kwana da rai. Ni a ganina ba ƙarancin basira ne ya kawo wannan ba. Sun riga sun sa a ransu cewa mutanen da suka rayu kafin Rumawa ƴan daji ne, don haka duk abin da suka tono sai suka karanta shi da wannan ido.

Wanda ya warware musu kuskuren baƙo ne, kuma korarre. Gerhard Bersu Bajamushe ne, an haife shi a 1889, kuma tun 1931 shi ne shugaban babbar cibiyar binciken kufai ta birnin Frankfurt. Ya yi suna wajen tonon tsofaffin ƙauyuka a ƙasarsu, musamman a wani tudu da ake kira Goldberg, inda ya ƙware wajen gane gidan itace ta wurin tabon da ginshiƙansa suka bari a ƙasa. A 1935 gwamnatin Hitila ta sauke shi daga muƙaminsa saboda yana da jinin Yahudawa ta wajen uba. Crawford abokinsa ne. Shi da wasu abokai suka yi ƙoƙari ƙungiyar masu binciken zamanin da ba a fara rubutu ba ta Birtaniya ta ba Bersu aikin tono Little Woodbury, a 1938 da 1939. Sun taimaki aboki, sun kuma samu gwanin da ba su da irinsa.

Manyan masu tono na Ingila a lokacin sun fi damuwa da ganuwa da ƙofofi. A Maiden Castle, alal misali, inda Mortimer Wheeler ya yi aiki daga 1934 zuwa 1937, babbar tambayar ita ce wa ya gina ganuwar, wa ya kawo hari, yaushe aka ci garin. Tarihin sarakuna da yaƙi ke nan, irin wanda mu ma muka fi koyarwa. Bersu tambayarsa daban ce: ina suke kwana, ina suke ajiye abinci, mutum nawa ne, wane aiki ake yi a wane gefen gida. Don haka maimakon ya tsaga ganuwa kawai, sai ya bi cikin gidan yana kwashe ƙasar sama yanki bayan yanki har ya kai ga farin dutse, a share shi tas. A bisa farin nan duk inda aka taɓa kafa itace sai ya fito a matsayin baƙin tabo. Itacen ya ruɓe tun da daɗewa, amma ramin da aka haƙa masa bai koma dutse ba. Kowane tabo aka auna shi, aka sa a takarda.

Da aka haɗa tabban, sai ga ɗaki. Zagayayyen ɗaki ne, faɗinsa wajen mita 15, da layi biyu na ginshiƙai a kewaye, da manyan ramukan ginshiƙi huɗu a tsakiya, da ƴar rumfa a bakin ƙofa. Bangon sanduna ne da aka saƙa aka yaɓe da laka, rufin kuma jinka. Akwai wani ɗaki na biyu da bai kai shi girma ba. Filin da gwalalon ya kewaye ya haura eka 1 da rabi a ma'aunin hekta. Ban da ɗakunan, Bersu ya samu ramukan ginshiƙai hurhuɗu a jere kamar kusurwoyin tebur, ya ce rumbuna ne da aka ɗaga bisa ƙafafu don tsare hatsi daga laima da ɓera. Ya samu wasu bibbiyu, ya ce wurin shanya ne. Duk wanda ya taɓa ganin rumbun kara bisa duwatsu ko bisa itace a ƙauyukanmu ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. Masana na baya sun yi gardama a kan ginshiƙai huɗun tsakiyar babban ɗakin, wasu suna ganin ba na ɗakin ba ne, wani rumbu ne da aka kafa a wurin kafin ɗakin ko bayansa. Gardamar tana yiwuwa ne don Bersu ya bar zane mai kyau wanda wani zai iya dubawa ya saɓa masa.

Ramukan kuma fa? Ya tono kusan 190, ya nuna cewa ba a taɓa zama a cikinsu ba. Rumbunan ƙasa ne. Tokar da ƙasusuwan da tsingaron da suka ruɗi na gabansa, shara ce da aka zuba bayan an daina amfani da ramin, kamar yadda muke cike tsohuwar rijiya ko ramin da aka ɗebi ƙasar gini. Daga nan ya yi wani lissafi da nake so kowane malami ya gwada da ɗalibansa. Ya ƙiyasta ramukan gidan duka za su kai 360. Mai gaggawa zai ce rumbu 360, ai wannan babban gari ne. Bersu ya ce a dakata. In an zauna a wurin shekara 300, kuma kowane rami yana aiki kamar shekara 5 kafin ya lalace a haƙa sabo, to a kowane lokaci ramuka 6 ne kawai suke aiki. Rumbu 6 kuwa na gida ɗaya ne, gidan gandu mai yalwa, da maigida da iyalinsa da masu taya shi aiki. Alƙaluman da ya ɗora lissafin a kansu an yi ta gyara su daga baya, amma hanyar tunanin ta zauna: abin da ka gani tare a hoto ba lalle ne ya rayu tare ba.

Sauran tambayar ita ce, yaya hatsi zai zauna a rami a ƙasar da ruwa ba ya ɗaukewa, bai ruɓe ba? An gwada wannan a aikace a shekarun 1970. Wani masani, Peter Reynolds, a wata gonar gwaji mai suna Butser, ya haƙa irin ramukan a cikin farin dutse, ya cika su da hatsi, ya liƙe bakin da yumɓu, ya rufe da ƙasa. Abin da ya gano shi ne, ƙwayoyin da ke jikin bangon ramin suna shan laima su fara tsiro. Tsiron nan yana shanye iskar da ke cikin ramin, ya fitar da iskar da ba a rayuwa a cikinta. Da iskar kirki ta ƙare, sai kome ya tsaya, ƙwaro ba ya rayuwa, ruɓa ba ta ci gaba, sauran hatsin ya yi barci har ranar da za a buɗe. An yi hasarar ɗan na gefe, an tsirar da na tsakiya. Bersu ya ɗauka hatsin ci ne kaɗai ake sa wa a rami, iri kuma a rumbun sama. Gwajin Reynolds ya nuna hatsin ramin yana tsira lafiya in an shuka shi, don haka yana iya zama irin shekara mai zuwa ne suke ɓoyewa a wurin. Sharaɗin ɗaya ne, in an buɗe rami sai a kwashe shi duka, ba a ɗiba kaɗan a mayar da murfi. Manoman Sudan har yanzu suna ajiye dawa a irin wannan rami, suna ce masa matmura. Ga mutanen da aka zana tsugune a gindin rami kamar gafiya, ashe ramin shi ne shaidar iliminsu.

Akwai wani marubucin Girka, Diodorus, da ya rayu a ƙarni na farko kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. Ya ba da labarin cewa mutanen Birtaniya kan yanke kan hatsi kawai su adana, kullum su ɗebo abin da za a ci a ranar su gyara su niƙa. Shi yana faɗin abin ne a matsayin al'adar wasu mutane na can ƙarshen duniya. Ni da na karanta, zangarniya na gani a cikin rumbu, da mata suna ɗebo ta da safe za su sussuka. Alkama da sha'ir suke nomawa, suna kiwon shanu da tumaki da aladu da dawaki, suna saƙa. Ba ina cewa muna da dangantaka da su ba ne, babu. Manomi ne ya gamu da matsalar da kowane manomi yake gamuwa da ita, wato yadda girbin wata ɗaya zai ciyar da gida wata goma sha biyu.

A nan ne wata kalma ta tsaya mini. A rubuce-rubucen masanan Ingila, irin waɗannan gidaje masu kewaye, musamman waɗanda suka ci gaba da rayuwa bayan Rumawa sun ci ƙasar a shekara ta 43, ana kiran su mazaunin ƴan ƙasa, don a bambanta su da sansanonin soja da gidajen dutse na Rumawa. Kalmar da suke amfani da ita, ita ce dai wadda Ingilishi suka kira mutanen Kano da Katsina da ita, takwarar wadda Faransawa suka liƙa wa iyayenmu, andijen, har da dokarta ta musamman da ba a soke ba sai a 1946. Rumawa suna da rubutu, su suka ba da labari, suka kira mutanen tsibirin marasa wayewa. Mutanen zagayayyun ɗakuna ba su bar nasu bayanin ba. Shekaru aru-aru jikokinsu suna karanta tarihin ƙasarsu ta bakin wanda ya ci su da yaƙi, suna alfahari da ginin Rumawa, suna jin kunyar bukkar kakanninsu. Na faɗa wa yaran ajina wannan, aka yi tsit, sannan wata yarinya ta ce, "Ashe su ma an yi musu."

Bersu bai gama aikinsa ba. Ya tono abin da ya ɗan haura kashi ɗaya cikin uku na gidan sai yaƙin duniya na biyu ya ɓarke. Rahotonsa ya fito a 1940, kuma a wannan shekarar ce Ingila ta tsare shi da matarsa Maria a Tsibirin Man, a matsayin ƴan ƙasar abokan gaba. Jamus ta kore shi don ba ta ɗauke shi cikakken Bajamushe ba, Ingila ta kulle shi don Bajamushe ne. A tsaren ma bai zauna ba. Aka ba shi izini ya ɗebi ƴan'uwansa tsararru suka yi ta tono a tsibirin, suka fito da manyan zagayayyun ɗakuna a Ballacagen da Ballanorris, da kabarin wani Bayikin da aka binne cikin jirgin ruwa a Balladoole. A 1950 ya koma Frankfurt kan kujerar da aka sauke shi, ya rasu a 1964. Tun yana tsare, hukumar ilimi ta Ingila ta sa aka gina kwatankwacin gidan Little Woodbury aka yi fim da shi don makarantu, wanda Jacquetta Hawkes ta rubuta. Cikin ƴan shekaru hoton mutum a gindin rami ya fara fita daga littattafan yara, zagayayyen ɗaki mai jinka ya maye gurbinsa.

Kada in sa ku ɗauka an san kome. Ba a san sunan da mutanen suke kiran gidansu ba, Woodbury suna ne da wasu suka sa daga baya da wani harshe. Ba a san abin da ya tashe su ba. Kuma maganar cewa duk abin da ke cikin ramukan shara ce, ita ma an sake dubanta. A Danebury, wani tudu mai ganuwa da Barry Cunliffe ya tono daga 1969 zuwa 1988, an samu kawunan dawaki da gawarwakin dabbobi, har da na mutane, an ajiye su da gangan a gindin ramukan da aka daina amfani da su. Masana da yawa suna ganin wata ibada ce da ta shafi hatsi da ƙasa. Wato Bersu ya gyara na gabansa, na bayansa sun gyara shi.

Little Woodbury kuma ba ita kaɗai ba ce. Farin da aka yi a Ingila a 1976, da wanda aka yi a 2018, sun fito da irin waɗannan kewaye masu ɗimbin yawa a gonaki, wasu zagayayyu, wasu masu kusurwa huɗu. A 2018 ɗin ma, a ƙasar Ayalan, kusa da Newgrange, wasu mutum biyu da ƙaramin jirgi marar matuƙi suka hango wani ƙaton da'ira a cikin gona, a yankin da masana suka yi shekaru suna bincike ba su gan shi ba. Yawancin wuraren nan ba a taɓa tono su ba, ba kuma za a tono su ba, hoton ne kaɗai shaidarsu. Abin baƙin cikin shi ne, gonar da take nuna su ita take cinye su. Kowace shekara garmar tarakta tana ƙara yankar saman abin da ya rage.

Namu kufan ba daidai yake da nasu ba. A can laimar tsohon rami ce take yin zanen bisa farin dutse, a gonar kakana kuwa taki da toka ne a cikin rairayi, kuma rairayi ba ya riƙe tabon ginshiƙi kamar yadda dutsen alli yake riƙewa. Amma muna da wuraren da ƙasa ta riƙe labari. A jihar Damagaram akwai Kufan Kanawa, kango mai kewaye wanda mutanen yankin suke cewa daga nan mutanen Kano suka tashi, kuma wata masaniya, Anne Haour, ta yi tono a wurin a farkon shekarun 2000. A yankin Tera akwai Bura, inda Boubé Gado ya yi tono a 1983 ya fito da tukwanen binne mutane masu siffofi, daga baya masu haƙar sata suka yi wa yankin kaca-kaca don sayar wa ƴan kasuwar waje. Yara nawa ne a makarantunmu suka taɓa jin sunan ɗaya daga cikin biyun? Tukunyar da aka ciro aka sayar ba tare da an rubuta inda take da abin da ke kusa da ita ba, ta zama kayan ado kawai. Da Bersu tukwane ya je nema, da bai ga ɗakin ba, don ɗakin ba abin ɗauka ba ne, tabo ne a ƙasa.

Ga abin da muka yi a lakwal ɗinmu, in wani malami yana so ya gwada. Na sa aka kawo igiya, muka auna mita 7 da rabi, muka kafa turke a tsakiyar fili, yaro ɗaya ya ja igiyar ya kewayo yana zana da'ira da sanda. Faɗin babban ɗakin Little Woodbury ke nan. Ajin duka suka shiga ciki, wuri bai cika ba. Muka yi lissafin filinsa a allo, ya kama wajen murabba'in mita 177, ajinmu kuwa mita 9 ne da 7, wato 63. Ɗakin kara da laka ya kusa ninka ajin siminti sau uku. Sannan na ba su aikin gida: kowa ya tambayi tsohon gidansu ko akwai kufai a gonakinsu ko kusa da ƙauyensu, da sunansa, da abin da ake faɗa a kansa, da abin da ake tsinta a wurin. Na ce kada wanda ya tona, kada wanda ya ɗauko kome, a rubuta kawai. Wasu iyaye sun yi zaton wata hukuma ce take son ƙwace gona, sai da na bi gida biyu na yi bayani. Duk da haka an kawo mini sunayen kufai tara, biyu daga ciki da labarin yunwar da ta tashi mutanen, ɗaya kuma da tarin kashin ƙarfe da ke nuna an taɓa narka tama a wurin. Yaron da ya yi mini tambayar shi ya kawo na taman, kakarsa ta faɗa masa danginsu maƙera ne kafin su koma noma.

Da hutu na je ƙauyenmu na nemi gefen gonar nan. Tun a wayar salula na fara dubawa, a hoton tauraron ɗan'adam, na ga ɗan duhu a inda nake zato, ko da yake ba zan rantse ba. Da na isa na tarar rabin wurin rami ne, masu yin bulo sun gano ƙasar ta fi ta kewaye danƙo, suna ɗiba tun shekara uku. A jikin ramin, kamar kamu biyu daga sama, ga wani layin toka ya miƙe, da tsingaro a maƙale a ciki. Na ɗauki hotonsa da wayar, na sa bik a gefe don a gane girmansa, na rubuta kwanan wata. Ƙanen mahaifina, wanda gonar take hannunsa yanzu, ya yarda a bar sauran rabin har bayan girbi.